Kwana 9 kafin muryar Kawu ta fita fes: yadda muka haɗa kwamfuta da kamera da ampli a zaure

Abin nan na watsa tafsirin Kawuna kai tsaye ta intanet ya faru ne a azumin 2025, wanda ya faɗo cikin watan Maris, a unguwar Birni nan Damagaram. Mutane da yawa sun tare ni suna tambaya wai wane irin kaya muka sayo, wasu ma sun ɗauka daga Yamai aka zo aka haɗa mana, shi ya sa na ce bara in zauna in zayyana shi tun daga tushe har da wautar da muka tafka, dan ita ce ma ta fi yawa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne, shekara da shekaru yana tafsiri bayan asham a ƙofar gidansa, zaure ya cika a baza tabarmi har waje. Almajiransa da dama neman abinci ya watsa su, wasu na Agadas wasu Arlit, wasu sun tsallaka Sabha a Libiya, akwai na Tamanrasat. Da azumi ya kama sai kira ya dame shi, Malam a taimaka a riƙa turo mana karatu. Azumin da ya gabata wani yaro ne ke ɗaga waya yana ɗauka, hannu ya gaji hoto ya karkace, murya kuma kamar daga cikin rijiya. Ni kuma da yake gyaran waya nake wajen kasuwar Dole, a dangi duk abin da ke da maɓalli ni ake kira. Kawu ya ce min, ɗana ku da kuke taɓa irin waɗannan abubuwa, ba za a iya yi su gani kai tsaye ba? Na ce Allah gafarta Malam ai abu ne mai sauƙi, wuni ɗaya ya isa. Wannan bakin nawa shi ya ja min.

Kayan da ke hannunmu ba su da yawa. Tsohuwar kwamfutar ƙanena ce ta tafi-da-gidanka wadda ya yi karatu da ita a jami'ar André Salifou, Core i5, RAM jiga 8, Windows ɗinta da Faransanci, ramukan USB 3, ɗaya mai shuɗin ciki biyu baƙaƙe. Kamera kuma aro muka yi wajen wani abokina mai ɗaukar biki, tunda azumi ba a cika ɗaurin aure ba tana ajiye cikin jaka. Sai amplin da Kawu ke amfani da shi tun da can, mai shiga mikro 2, ɗaya nasa ɗaya na alaramma mai jan baƙi, da lasifika a saman soro. Manhajar da za ta haɗa komai OBS ce, kyauta ake sauke ta, ita ce ke karɓar hoto da sauti ta tura Facebook ko YouTube.

Saura kwana 4 azumi na ɗauko igiyar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto daga na'ura zuwa na'ura, na soka a kamera na soka ɗaya bakin a kwamfuta, na koma na harɗe ina jiran hoto. Shiru. Na canza igiya, na kashe na kunna, na zargi kamera na zargi ƙanena da lalata kwamfuta, sai can dare na gane ashe ramin HDMI na kwamfuta irin wannan fitarwa kawai yake yi, aikinsa ya kai hoto ga talabijin ko majigi, ba ya karɓa. Na haɗa masu magana biyu ba mai saurare. Abin da ake buƙata wani ɗan akwati ne bai fi yatsa biyu ba, HDMI ya shiga ta baya ya fito ta USB, sai kwamfuta ta gan shi tamkar ƴar kamerar da ake kiran bidiyo da ita, ba ya ma buƙatar a saka masa wata manhaja. Na zaga shagunan da na sani ban dace ba, sai wani direba mai zuwa Kano ya taho min da shi, jika 12 har da ladansa. Ranar da ya iso aka ga wata.

Hoto ya fito kam, amma da duk tarkacen da ke fuskar kamera, alamar batiri da agogo da wani murabba'i da ke bin fuskar mutum, duk suna kan rawanin Kawu. Wannan cikin menu ake kashe shi, wajen abin da ake nunawa ta HDMI. Sai kuma kamerar ta riƙa mutuwa da kanta bayan ƴan mintoci dan tana ganin ba a ɗaukar komai, nan ma akwai wurin hana ta barci, kuma dole a bar ta a jone da kuran. Waɗannan ba su ba ni wuya ba.

Wanda ya ɗaure min kai shi ne wasu layuka baƙi-baƙi da ke hawa suna sauka a hoton da dare, da rana kuma babu su. Abokina mai kamera ya rantse bai taɓa gani ba, daga baya ya tuna shi da fitilarsa yake yawo. Dalilin shi ne kuran ɗinmu mai volt 220 yana kai da komo sau 50 a sakan, dogon kwan neyon da ke zauren yana haske yana dusashewa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kamera na gani. Ita kuma kamerar ta kasuwar Amurka ce inda nasu kuran 60 ne, an gina ta a kan tsarin bidiyonsu da ake kira NTSC, mu kuma 50 ne ya dace da mu. Wasu kamerori ana juya su zuwa PAL, tsarin da ya dace da 50, a huta, wannan ba ta da wurin juyawa. Sai na cire ta daga otomatik na ɗaure saurin ƙiftawarta a 1/100, layuka suka ɓace nan take, sai dai hoton ya ɗan yi duhu. Muka ɗauko kwan sola mai volt 12 da ke aiki da batiri muka rataya a gefe sama da kafaɗar Kawu, shi ba ya wannan rawar tunda wutar batiri miƙaƙƙiya ce.

Na zaci an gama. Daren farko muka shiga kai tsaye, ina ta murna hoto garau har ana iya ganin zaren carbi. Ko minti 10 ba a yi ba saƙo ya fara shigowa daga Sabha, muna ganin Malam amma ba mu jin me yake cewa. Na sa abin kunne na saurara, wallahi kunya ta kama ni. Mikron jikin kwamfuta ne ke ɗauka, shi kuma abin da ya fi kusa da shi yake ji, wato fankar kwamfutar kanta, da tarin wani tsoho da ke gefena, da akuyar maƙwabta, Kawu kuma can nesa kamar ana magana a bayan katanga. Kwana 4 ina fama da hoto ban ba sauti ko minti 5 ba, alhali mutanen nan karatu suke son ji.

Washegari na ce to a jawo sauti daga ampli kai tsaye. A nan Allah ya tsare, dan ƙanena har ya kama igiyoyin da ke tafiya lasifika zai ɗaura musu filogi, na buge hannunsa. Wutar da ke fita ta nan an yi ta ne dan ta girgiza lasifika, in ta shiga kwamfuta sai dai a ji ƙauri. Wurin da ake ɗauka shi ne ƴan ramuka biyu ja da fari a bayan ampli da aka tanada dan naɗar sauti. Na samo igiya mai ja da fari a baki ɗaya, ɗaya bakin irin na abin kunne, na soka a kwamfuta, ba ta ma san an soka mikro ba. Ku duba filogin da kyau, akwai mai zobe baƙi 2 akwai mai 3. Kwamfutocin da ke da rami ɗaya tal na kunne da mikro a haɗe, mai zobe 3 suke ganewa, in ka sa mai 2 sai su ɗauka abin kunne ne kawai. Na nemo ɗan mahaɗi mai raba ramin gida biyu, sauti ya shiga, amma a fashe, duk inda Kawu ya ɗaga murya sai ka ji kamar ana yaga takarda. Ramin mikro an yi shi ne dan ƴar siririyar wutar da mikro ke bayarwa, abin da ampli ke fitarwa kuma ya ninka ta nesa ba kusa ba, kamar ka juye tulu cikin kofin shayi ne. Ko ka rage a cikin Windows aikin banza ne tunda tun a bakin ƙofa ya riga ya fashe. Daren nan haka muka lallaɓa da shi an rage ampli har na waje suna ƙorafi ba su ji.

Maganinsa wani ɗan akwatin sauti ne na USB mai ramukan ja da fari na shiga, wanda aka yi dan karɓar irin wannan ƙarfin. Wani mai haɗa kayan sauti na wajen biki a Zango ya ara min. Fashewa ta tafi. Sai ga wani sabon baƙo, wani gurnani mai kauri, huuuu, ba ya tsayawa, ko an rufe mikro duka yana nan.

Wannan gurnanin shi ya cinye min kwana 3, kuma shi ne abin da ya fi koya min aiki. Da farko haukan canje-canje na shiga, in canza igiya in canza rami in taɓa wancan in murɗa wannan duk a lokaci guda, in abu ya ragu ban san me ya rage shi ba, in ya ƙaru ma haka. Mai kayan sautin nan da ya zo ya tsaya yana kallona ya ce, maigida kana neman ɓarawo kana kora jama'a gaba ɗaya, cire su ɗaya-ɗaya mana. Muka sa abin kunne, ya zare mikron alaramma, yana nan. Ya zare na Kawu, yana nan. Ya zare HDMI, ya ɗan ragu kaɗan. Ya zare cajar kwamfuta, tsit, kamar an ɗauke ruwan sama. Ya mayar, huuuu ya dawo.

Bayanin da ya yi min, wanda daga baya na tabbatar, shi ne caja tana ɗan zubo kuran a jikin kwamfuta, haka ma cajar kamera, a gidan da aka yi wayarin daidai wannan ɗan kuran yana bin ƙafa ta uku ta filogi ya sauka ƙasa. Gidan Kawu tsohon gini ne na ƙasa, layi 2 kawai aka ja, babu na ƙasa ko ɗaya. Ga shi kuma ampli na jone a zaure, kwamfuta kuma mun jawo mata doguwar ralonji daga cikin gida. Kuran da ya rasa hanya sai ya bi igiyar sauti, abin da kake ji kuwa bugun 50 ɗin nan ne na kuran. A nan ne Kawu ya ce, af, shi ya sa wani lokaci in leɓena ya taɓa mikro nake jin yana tsikarata? Na ce Allah gafarta Malam tun yaushe? Ya ce ai ya fi shekara 2, na ɗauka haka halinsa yake. Jikina ya yi sanyi, dan wannan ya wuce maganar daɗin sauti.

Hanya mai sauƙi ita ce a bar kwamfuta a kan batiri lokacin karatu, amma batirin ta tsufa minti 40 take yi, karatu kuma yana haura awa. Sai muka yi abu uku. Muka mayar da ampli da kwamfuta da kamera kan ralonji ɗaya mai ƙafa uku. Muka kira mai gyaran wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya jawo layi zuwa wannan ralonjin, ya sha wuya kam dan ƙasar Birni kowa ya san ta, ka ɗan haƙa kaɗan ka ci karo da dutse, sai wuri na uku ta shiga, ya zuba gawayi da gishiri ya ce a riƙa ba ta ruwa saboda busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar kuran sosai. Yaran gida suka mayar da wajen wurin alwala, shi kenan an huta da ban ruwa. Tsikarar leɓe ta ƙare, gurnani ya ragu sosai amma da saura. Ragowar wani ɗan ƙaramin abu ne ya kashe shi, mai taransifoma ƙanana a ciki, ana sa shi tsakanin ampli da akwatin sauti, sauti ya wuce amma babu ƙarfen da ya haɗa ɓangarorin biyu. Na san akwai masu karya ƙafa ta uku ta filogi wai maganin gurnani, wani lokaci yana yi, amma ka cire abin da ke tsaye tsakanin mai riƙe da mikro da kuran 220 ne, ni ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Wani ya kawo mana mikron situdiyo mai tsada wai a gwada, irin mai buƙatar a tura masa wutar volt 48 ta cikin igiyarsa. Amplinmu ba ya bayarwa, kuma ko da yana bayarwa irin wannan mikron har motsin tabarma yake ji. Muka mayar masa da godiya.

Da sauti ya gyaru sai aka fara lura da abin da da ba a kula ba. Wani daga Arlit ya rubuto, Malam yana gama magana bakinsa bai gama ba. Gaskiyarsa, sauti na isa kwamfuta nan take, hoto kuma sai ya bi ta kamera ya bi ta ɗan akwatin HDMI kowanne ya ɗan riƙe shi. Na tsayar da ƙanena gaban kamera ya tafa hannu sau ɗaya kusa da mikro, na naɗa, na riƙa matsar da bidiyon hoto ɗaya-ɗaya ina ƙirga tsakanin inda ƙarar ta fito da inda tafukan suka haɗu, na samu 8. Muna ɗauka 30 a sakan, kowane ɗaya wajen milisakan 33 kenan, sai na shiga saitin sauti na OBS na jinkirta shi da 270. Ya zauna daram a farkon karatu, amma can wajen ƙarshe sai ya sake zamewa, ashe saurin ɗaukar sautinsu bai zo ɗaya ba, Windows ta sa akwatin sauti a 44.1 OBS kuma na kan 48. Na mayar da kowa 48.

Akwai daren da murya ta riƙa fitowa biyu-biyu kamar cikin kogo, na duba na ga akwatin HDMI ma yana shigo da sautin mikron kamera ban rufe shi ba. Wani daren kuma Kawu na tsakiyar fassara sai ya ji kansa yana maimaita abin da ya faɗa ɗazu, ya tsaya ya waiga. Wani yaro ne a sahun gaba ya buɗe Facebook yana kallon karatun da yake zaune a cikinsa, murya a sake. Kawu ya ce kai ɗan nan, ga ni a gabanka kana nemana a waya? Aka yi ta dariya, har na Sabha suka turo tasu.

Ganin abu ya fara kyau sai zalama ta kama ni, na ce a ƙara kamera ta biyu a kan alaramma. Na sa DroidCam, manhajar da ke mayar da waya kamerar kwamfuta, a wata waya na jona ta USB, da yake ramuka sun ƙare sai na tara ta da akwatin HDMI a kan mahaɗi ɗaya mai baki 4. Hotuna biyun suka riƙa daskarewa. Baƙin ramin USB 2 megabit 480 yake iya ɗauka a sakan a takarda, a aikace bai kai ba, ɗanyen hoto mai girman 1080 da ke fita 30 a sakan kuma shi kaɗai ya kusa 1000, shi ya sa ƙananan akwatunan nan suke matse shi kafin su tura, to ka ƙara masa abokin zama a hanya ɗaya. Na ba akwatin HDMI shuɗin rami shi kaɗai, waya nata, sauti nasa, linzami na haƙura da shi, na sauke girman hoto duka zuwa 720. Ya yi aiki kwana 2, sai wayar ta fara zafi tana kashe kanta, ga zafin Maris ko da dare bangon zaure na huci. Na cire ta gaba ɗaya, kuma har aka gama ba wanda ya tambayi ina hoton alaramma. Ita ma kwamfutar sai da na buɗe ta na hure ƙurar da ta toshe fanka, muka ɗora ta kan tubali 2 dan iska ta ratsa ƙasanta.

Intanet daga wayata muke ba ta, kuma bayan shan ruwa kowa na kan waya, turawa sai ta yi nauyi. Da na sa kilobit 4500 a sakan a ƙarfin turawa, hoto na tsinkewa, ga shi yana cin kusan jiga 2 a awa, forfe na kwana biyu ya tafi a dare ɗaya. Na sauke zuwa 1500, sauti 96, ya koma mega 700 da ƴan kai a awa kuma ya daina yankewa. Malami a zaune yake ba ƙwallo ake bugawa ba, hoton bai nuna wani bambanci ba.

Asara ɗaya muka yi wadda har yanzu take min ciwo. Muna naɗa a kwamfuta a lokaci guda dan ajiya, ni kuma da wayona na mayar da fayil ɗin tsarin mp4 wai ya fi sauƙin turawa, OBS ma ta rubuto gargaɗi na share. Daren 9 wuta ta ɗauke, ampli ya koma kan batirin sola, kwamfuta ta ja minti 40 ɗinta ta mutu ana saura kaɗan a shafa fatiha, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sam, dan mp4 sai an rufe shi lafiya yake karantuwa. Karatun daren nan ya tafi, na Facebook ma rabi ne. Daga ranar na koma wani tsarin fayil, mkv, shi ko an yanke shi a tsakiya abin da aka naɗa yana nan, da safe in juya shi mp4 a cikin OBS ɗin cikin ƴan sakanni. Muka kuma samo ƴar inbata muka ɗora kwamfuta a kan batirin solar.

Daga daren 10 har aka rufe tafsiri ba mu sake samun wata matsala ba. Abin da ban zata ba shi ne saƙon da wani dattijo cikin almajiran Kawu ya aiko daga Sabha wajen tsakiyar wata, ya ce ɗan'uwa Allah ya saka, amma mu lokacin da kuke yi yawancinmu muna wajen aiki, kuma bidiyo na cinye mana kati, in da hali a cire mana muryar kawai. Sai na riƙa zare sautin da manhajar Audacity kowace safiya in matse shi a kilobit 32, karatun awa guda ya dawo mega 14 da ɗoriya, in jefa a zauren WhatsApp ɗinsu. Masu kallo kai tsaye ba su taɓa haura ƴan gomomi ba, amma muryar nan har wata gwaggonmu a Mirriya ta ce an turo mata daga wani wajen da ba ta san ma daga gidanmu ta fito ba.

Kwana 2 bayan salla abokina ya zo ya karɓi kamerarsa dan bukukuwa sun taso. Na naɗe igiyoyi na manna wa kowacce salatif na rubuta inda take shiga, na zuba a kwalin taliya na kai ɗakin Kawu. Akwatin sautin aro ne na ce zan mayar Zango, Kawu ya ce a'a, je ka tambaye shi nawa zai sayar, kamera dai in an samu baɗi a aro in ba a samu ba shi kenan, amma wannan ɗan baƙin kar ya bar gidan nan.